Daga Tsumagiya Zuwa Kwando: Ɗan Koyo a Kudancin Kano

 Shirinmu na musamman na yau ya nufi kudancin jihar Kano, ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kan wata sana'a da kowane gida ke cin moriyarta, amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya ga yadda ake yin ta ba, wato saƙar kwando. Za mu bi ɗan koyo tun daga ranar da ya ɗauki wuƙa ya nufi jeji, har ranar da ya rufe bakin ɗan ƙaramin kwandonsa na farko.

(Kiɗa)

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, tsakanin Kura da Kwanar Ɗangora, ya sha ganin manyan motoci ɗauke da kwanduna, an cusa wani cikin wani har sun yi tsiri sun wuce kan mota. Kwanar Gafan suka nufa, babbar kasuwar tumatir ta ƙaramar hukumar Garun Malam. Ruwan da ke shayar da gonakin wannan tumatir daga madatsar Tiga yake fitowa, a ƙasar Bebeji, madatsar da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin gwamna Audu Baƙo. Ruwan na nan ne, manomin na nan ne, tumatirin ma na nan ne. Kwandon kuwa baƙo ne. Akasarinsa a kudancin Najeriya ake saƙa shi da tsage-tsagen reshen tukurwa, a yo masa dakon ɗaruruwan kilomita babu komai a cikinsa, a cika shi a Kano, sannan ya sake komawa kudu, har kasuwar Mile 12 ta Legas.

Kuma ba yau ƙasar nan ta fara hulɗa da kayan da aka saƙa domin doguwar tafiya ba. A garin Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake, kuma da fataucin goro daga ƙasar Gwanja ya fara kafuwa kafin zamanin gyaɗa. Goro ba ya son rana, ba ya son bushewa, ba ya kuma son a toshe shi. Shi ya sa fatake ke naɗe shi da ganye a cikin huhu da kwando, su riƙa kwancewa a zango suna tsince wanda ya lalace, su yayyafa ruwa su sake ɗaurewa. Har gobe mai sayar da goro a kasuwa kwando yake nema, domin goro na buƙatar mazubin da iska ke ratsawa.

To, da me ake saƙawa? Amsar ta danganta da inda mutum yake tsaye. Can arewa, wajen Daura da Damagaram da kwarin Gulbin Kaba na jihar Maraɗi, goruba ce ke da ƙasa, kuma kabarta ake tsagawa a yi tabarma da faifai da sanho da igiya. Kudancin Kano ya fi samun ruwan sama, itatuwansa sun fi duhu, musamman idan aka doshi Doguwa da duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. A irin wannan ƙasa akan sami gora a bakin rafuka, tukurwa a fadamar da ke riƙe ruwa, gamba ta yin zana a saura, sannan ga geza a kan fako da gindin duwatsu.

Geza ce ta fi dacewa da mai koyo. Ƙaramin itace ce mai fitar da rassa da yawa daga gindi ɗaya, dogaye, sirara, masu lanƙwasuwa ba tare da saurin karyewa ba. Tun daga Senegal har Nijar da arewacin Najeriya, da ita ake yin kwanduna da kujeru da akurkin kaji. Mutanen Senegal ma ganyenta suke dafawa su sha kamar shayi, suna kiransa kinkeliba. Turawan Ingila suna da tasu tsumagiyar, ta wata bishiyar bakin ruwa da suke nomawa takanas a fadamun Samaset. Da ita ake saƙa kwandon nan da mutane ke tsayawa a ciki a ƙarƙashin balan-balan mai tashi sama, saboda ba ta da nauyi, kuma tana shanye girgiza idan an dira ƙasa. Bishiya daban, ƙasa daban, amma dabarar hannun kusan ɗaya ce da ta mai geza a ƙauyen Kiru.

Ɗan koyo yakan zo da ɗokin fara saƙa tun ranar farko. Gwani kuwa jeji yake tura shi. Lokacin yanka shi ne bayan kaka, idan an kai amfanin gona gida, hunturu ya kama, ganye ya fara zuba. Abin nema shi ne tohon shekara guda, wanda ya miƙe tsaf bai yi 'ya'yan rassa ba. Tsohon reshe ya riga ya yi taurin kai, sabon toho na damina kuma ruwa ne zalla. Yaro zai yanko, ya zage ganyen, ya ɗauro dami ya kawo gida. Sau da yawa rabin abin da ya kawo a ranar farko makamashi yake zama, domin idonsa bai riga ya san bambancin mai amfani da marar amfani ba.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne. Sai dai mai kwando ya san sauran zancen. Ɗanyar tsumagiya cike take da ruwa. Idan aka saƙa ta a haka, ranar farko kwandon zai yi kyau, ya matse gam. Bayan mako biyu ruwan ya fita, kowace tsumagiya ta rame, sai saƙar ta yi sako-sako, kwando ya riƙa girgiɗi a hannu, ƙananan kaya na zubewa ta ƙofofinsa. Mai gaggawa, wanda kwandon kwasar taki kawai yake so, yakan bar ta ta yi yaushi na 'yan kwanaki ya saƙa abinsa. Amma mai son aiki mai ƙarko sai ya shanya ta a inuwa ta bushe sarai, ta gama duk ramar da za ta yi, sannan ya tsoma ta a ruwa ta sake laushi. Wadda ta bushe aka jiƙa ba ta ƙara ramewa kamar ta farko.

Jiƙon ma da iyakarsa. Siririya takan yi laushi da wuri, mai kauri kuma sai ta kwana biyu ko fiye a kududdufi ko a cikin rabin duro, an danne ta da dutse don kada ta taso. Gwajin mai sauƙi ne: a zaro ɗaya a naɗe ta a wuyan hannu. Idan ta bi ba tare da ƙara ba, ta yi. Idan ta yi ƙas, a mayar da ita ruwa. Idan kuwa aka manta da ita ta wuce kima, za ta yi wari, ta yi santsi, ɓawonta ya riƙa saɓulewa a hannu. Bayan an tsamo, akan lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu ta kwana, danshin ya ratsa har cikinta.

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai kaifi, basilla ko wani tsinken ƙarfe mai tsini, ɗan zare ko igiya, da ƙwaryar ruwa a gefe. Kafin a taɓa komai sai an kasa tsumagiyar kashi uku. Masu kauri na gindi ne, matsakaita su ne za su tsaya a tsaye su zama jikin kwando, sirara kuma su ne masu kewayawa. Wannan rabo shi ne ƙa'idar da ɗan koyo ya fi karyawa. Dole mai kewayawa ta fi mai tsayawa laushi. Idan aka juya lamarin, mai kewayawar ce za ta riƙa tanƙwara na tsaye, kwando ya fito a karkace.

(Kiɗa)

Yanzu an zo gindi. Ɗan koyo zai yanki sanduna 6 masu kaurin fensir, kowace tsawonta ɗani guda da ɗan ƙari. Zai ɗauki 3 ya tsaga tsakiyar kowace da wuƙa, tsaga 'yar kaɗan wadda ba ta kai ƙarshe ba, sannan ya zura sauran ukun ta cikin tsagar. Sai ga gicciye mai hannu huɗu, kowane hannu da sanduna uku. Daga nan ya ɗauki sirara biyu mafi laushi, ya cusa kawunansu a cikin tsagar, ya fara kewaya hannuwan nan huɗu da su, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, suna harɗewa da juna a kowace kusurwa. Zagaye biyu ya isa ya ɗaure gicciyen.

A zagaye na uku ne gumi ke fita. Nan ake raba sandunan, a buɗe kowace daban, su zama ƙafafu 12 da suka bazu ko'ina, tazarar da ke tsakaninsu daidai wa daida. Sanduna ne masu kauri, ba sa son rabuwa, sai an sa ƙarfin babban yatsa. Hannun da bai saba ba yakan bar wasu a cunkushe, wasu kuma a wage. Wanda ya ƙyale wannan kuskure ya ci gaba, zai gan shi yana girma tare da kwandon har baki, domin babu wani mataki a gaba da ke gyara shi. Saboda haka gwani ba ya jin nauyin karɓar gindin ya juya shi sau ɗaya, ya miƙa wa yaro ya ce ya warware. Kalmomin da ɗan koyo zai fi ji daga bakin gwani a kwanakin farko ba su wuce uku ba: matse, jiƙa, warware.

Akwai wani ɗan sirri a nan da ba kowa ke lura da shi ba. Gindin kwando mai kyau ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Ana saƙa shi ne ya ɗan yi doro a tsakiya, doron yana kallon cikin kwando. Ta haka kwandon zai zauna a kan gefensa daram, kuma idan aka zuba kaya nauyin ba zai turo tsakiyar waje ba.

Idan faɗin gindi ya kai yadda ake so, sai a datse ragowar ƙafafun, a ɗauko matsakaitan nan guda 24, a fiƙe gindin kowace, a soka biyu-biyu a gefen kowace ƙafa, ɗaya dama ɗaya hagu. A wannan lokaci abin ba ya kama da kwando ko kaɗan, tsumagiya ce ta bazu a ƙasa ta cinye fili, kaji da yara na tsallakawa. Sai a sa tsinin wuƙa a ɗan danna kowace a daidai bakin gindi, a tanƙwaro ta sama a hankali, a tattara kawunansu a ɗaure da zare. Wadda ba ta jiƙu sosai ba a nan take karyewa, sai a zare ta a soka wata. Daga nan a ɗauki sirara uku a yi zagaye uku ko huɗu da su a tare, kowace ta wuce gaban biyu ta shiga bayan ɗaya. Wannan saƙa mai kauri ita ce ke kulle jiki da gindi, ita ce kuma ke shan gogayyar ƙasa duk tsawon rayuwar kwandon.

Sauran jikin ya fi sauƙi: gaban ɗaya, bayan ɗaya, har a kai tsawon da ake so. Amma ga wani lissafi da kan rikita mai koyo. Idan da tsumagiya ɗaya yake kewayawa, dole adadin na tsaye ya zama mara, kamar 23 ko 25. Idan cika ne, kamar 24, zagaye na biyu zai faɗa daidai kan sawun na farko, saƙar ba za ta kama ba. Mafita ita ce ya ƙara ɗaya, ko ya rage ɗaya, ko kuma ya saƙa da biyu, ɗaya na bin bayan ɗaya. Masaƙa da yawa da ba su taɓa zama a aji ba sun san wannan lissafi a yatsunsu.

Idan tsumagiya ta ƙare, ana haɗa sabuwa ne gindi da gindi, ko kai da kai, don kada kauri ya taru a gefe ɗaya. Bayan kowane 'yan zagaye sai a bubbuga saƙar da bayan wuƙa ta zauna. Hannun dama ne ke kai da kawowa, shi ne kuma mai kallo ke gani, amma siffar kwando a hannun hagu take, wanda ke riƙe da na tsaye yana hana su sunkuyawa ciki ko bajewa waje. Ga kuma iskar hunturu, wadda ke busar da tsumagiya tun tana hannu. Shi ya sa masaƙi ke zama a inuwa, ya fi son safiya, kuma ba ya rabuwa da yayyafa ruwa.

Rufe baki kamar kitso yake. Kowace ta tsaye za a kwantar da ita ta bi bayan maƙwabciyarta, ta fito gaban ta gaba, ta shige ciki, haka har a kewayo. Wahalar tana wajen biyu ko ukun ƙarshe, domin waɗanda ya kamata su bi bayansu sun riga sun kwanta, sai an sa basilla an ɗaga an zura su ta ƙarƙashi. A nan ne yawanci gwani ke karɓa ya nuna sau ɗaya, sannan ya zare ya ce yaro ya maimaita. Abu na ƙarshe shi ne datse tsinaye, a yanke su a karkace, kowane ya jingina da ta tsaye, don kada ya zame, kada kuma ya yagi hannu ko zane. Ɗan kwandon da gwani zai gama kafin azahar, mai koyo yakan wuni a kansa, yatsunsa su yi ja. Da yawa sukan rataye sabon kwando a madafa ya sha hayaƙi, saboda hayaƙi na rage ɓarnar ƙwarin da ke huda ice.

A cikin gida kuma akwai wata makarantar, ta mata. Yarinya takan fara ne da faifai, kuma dabararsa daban ce. Ana tattara siririn damin ciyawa a naɗe shi da tsagin kaba, a riƙa murɗa shi yana kewaya kansa daga tsakiya, ana ɗinke kowane zagaye da na bayansa da basilla. Kabar akan rina ta, a da da karan dafi don samun ja, yanzu galibi da galura ta kasuwa. Faifai shi ne murfin ƙwaryar fura da nono, shi ne na bakace, shi ne kuma ke cikin jeren ɗakin amarya. Yarinyar da ta zauna kusa da kakarta tana miƙa mata kaba, ita ma abin da za a fara gyara mata shi ne tsakiya, domin faifan da cibiyarsa ta karkace ba ya zama a bakin ƙwarya.

(Kiɗa)

Masu sauraro, ya dace a faɗi gaskiya game da roba. Wajen dakon tumatir zuwa Legas, akwatin roba ya fi kwando. Kwanduna idan aka ɗora wani kan wani, na ƙasa ne ke ɗaukar nauyin na sama, tumatir ya murƙushe, tsinayen ciki kuma su huda shi. Akwatin roba kuwa gefensa ne ke ɗaukar nauyi, ana wanke shi, ana sake amfani da shi. Manomin tumatir da ya koma amfani da shi bai yi laifi ba. Haka kuma kayan lefen da a da ake kaiwa a adudu, yanzu akwatuna ne, kuma babu alamar za a koma baya.

Amma ƙaramin kwando na cikin gida yana da aikin da bokitin roba ba zai yi ba. Albasa da dankali da tattasai suna daɗewa a mazubin da iska ke shiga. Bandar kifin da masunta ke kamawa a Tiga, idan aka toshe ta a leda gumi take yi ta yi fumfuna. Mai daddawa na buƙatar abin da za ta wanke dafaffiyar kalwa ruwa ya tsane. Mai kaji na buƙatar akurki, mai ƙwai na buƙatar abin da zai kai shi kasuwa bai fashe ba. Kwando idan ya ɓalle a gefe ana gyara shi da tsumagiya biyu, idan ya mutu kuma ya shiga murhu ko ya zama taki. Fasasshiyar roba kuwa kwata take toshewa.

Kasuwar ma ba ta tsaya a ƙauye ba. A Bolgatanga da ke arewacin Gana, ƙasar da yanayinta bai yi nisa da namu ba, mata da maza na murza ciyawa su rina ta su saƙa kwanduna masu mariƙi, ana fitar da su zuwa Turai da Amurka, har sunan garin ya zama sunan kwandon. Abin da ya kai su can shi ne tsabtar aiki, da daidaiton girma, da haɗa kai wajen sayarwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin matasan Tudun Wada ko Bebeji, waɗanda da yawansu ke barin gida da rani su tafi birni neman abin yi, a daidai watannin da tsumagiya ta nuna.

Abin da ya fi damun mai kishin wannan sana'a shi ne jejin kansa. Gona na ci gaba da cin saura, masu gawayi da masu itacen girki na sara har gindi, wutar daji kuma na cinye toho kafin ya isa yanka. Dajin Falgore, wanda Kogin Kano ke ratsawa kafin ya zuba a Tiga, keɓaɓɓen daji ne na gwamnati, ba wurin da kowa zai shiga da adda ba ne. Saboda haka masaƙi ya dogara ne da abin da ya rage a gefen gonaki da kan fako da bakin rafi. Sa'ar da aka yi, geza na cikin itatuwan da ke sake tohowa idan an yanke su da kyau. A yanka a karkace, a ɗan sama da ƙasa, da wuƙa mai kaifi wadda ba ta farfasa kututture, a kuma bar wasu rassan a tsaye. Damina na zuwa gindin zai fitar da sababbin tsumagiya miƙaƙƙu, irin waɗanda masaƙi ya fi so. Gora ma ana iya dasa ta a bakin rafi ko iyakar gona, ta riƙe ƙasa daga zaizaya, bayan 'yan shekaru kuma ta fara ba da abin tsagawa. Wasu masaƙan suna da gindin geza da suke komawa kowace shekara, kuma wurin na cikin abubuwan farko da suke nuna wa yaron da suka amince zai riƙe sana'ar.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau.